Fentin da Hussaini Ya Yi wa Jitar Aro

Hussaini mutumin Kambarawa ne, ma'aikaci a sakatariya, kuma duk wanda ya san shi zai shaida ba shi da mugunta. Aibinsa guda ne, karambani. Idonsa ba ya ganin tsohon abu ya ƙyale shi, hannunsa kuma kullum yana riga bakinsa. Ya taɓa aron keken maƙwabcinsa ya mayar da shi da sabon sirdi, bawan Allah ya daɗe yana fama da ciwon ƙugu. Ya taɓa sassabe darbejiyar ƙofar masallaci wai don ta yi tsari, dattawa suka rasa inuwar zama. Duk lokacin da ya yi irin wannan sai a ce, "A yi haƙuri, niyyarsa mai kyau ce." Da wannan magana aka lalata shi.

Hussaini yana kaɗa jita a ranakun hutu, kuma a hannun Malam Dabo ya koya. Malam Dabo tsohon malaminsa ne na sakandare, wanda kiɗa ya mayar da su abokai duk da tazarar shekaru. A gidansa da ke cikin birni akwai tsofaffin jitocin lantarki uku, tun na zamanin da yake saurayi a makarantar horar da malamai. Ba ya rowarsu. Aboki ya zo ya ce yana so, sai ya ɗauko ya ba shi, ya ce kawai, "Yadda ta tahi, haka za ta dawo."

A cikin ukun akwai wadda ta fi tsufa. Launinta na zuma ne, amma ya koɗe, ya tsattsage kamar busasshen tabki. A kafaɗarta fenti ya tafi gaba ɗaya, itace ya fito, ya yi santsi, har ya ɗan lotsa. Asalinta ta Malam Yari ce, aminin Malam Dabo, kuma damtsensa ne ya cinye wurin a tsawon shekarun da ya yi yana kaɗa ta. Da ciwon ido ya makantar da shi sai ya ba Malam Dabo ita kyauta, bisa sharaɗi guda: duk Juma'a bayan la'asar a kai masa ita ya taɓa.

Hussaini ba zai manta ranar da ya fara jin muryarta ba. Suna zaune a zaure, aka kawo wuta, Malam Dabo ya jona ta da tsohuwar amfilifayarsa, ya jira ta yi ɗumi. Sannan ya taɓa tsirkiya guda. Sautin bai shiga kunnen Hussaini da farko ba, ƙirjinsa ya fara shiga. Ya taso kamar daga ƙarƙashin daɓe, mai kauri, mai ɗumi, ya miƙe ya ƙi ƙarewa, a ƙarshensa kuma yana ɗan rawa irin ta muryar babban mutum da ke danne kuka. Telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa. Wata mai tallan fura ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a ka, ta manta da abin da ya fito da ita.

"Subhanallahi," in ji Hussaini. "Malam, mene ne a cikinta?"

Malam Dabo ya nuna masa wasu ƙarafa uku da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin. "Maganaɗisu ne, an naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe. Su ke ɗaukar sautin. Wanda ya naɗe su da hannu ya naɗe, ya daɗe da barin duniya. Ba a sake yin irinsu."

Shekaru suka wuce. Wata rana wani abokin aikin Hussaini zai aurar da ƙanwarsa, aka nemi Hussaini ya sa jita a waƙar biki. Ya je ya roƙi Malam Dabo ya ara masa mai launin zuman nan.

"Ɗauki ɗaya cikin biyun can."

"Malam, wannan nake so. Sau ɗaya dai."

"To. Amma ka san Yari na jiranta Juma'a. Yadda ta tahi, haka za ta dawo."

A situdiyo, da ya buɗe akwatin, samarin da ke wurin suka fashe da dariya.

"Yallaɓai, wannan a wace bola ka tsinto ta?"

"A kai wa masu tuyar ƙosai, za ta ci wuta da kyau!"

Hussaini ya jona ta ya kaɗa. Dariyar ta ɗauke ɗif. Bashir, mai situdiyon, ya cire abin sauraro daga kunnensa a hankali, ya zo ya tsuguna gaban jitar yana kallonta.

"Na yi aiki da jitoci da yawa," in ji shi, "ban taɓa jin abu kamar wannan ba. Don Allah sake."

Ya sake. Ba wanda ya motsa har sautin ya mutu.

A lura da kyau a nan. Mutumin nan ya ga yadda ɗaki guda ya yi tsit saboda jitar yadda take. Amma da ya fito, ba shirun ne ya biyo shi gida ba, dariyar ce. A hanya yana ta saƙa: abu mai murya irin wannan, a bar shi cikin tsumma? Sai ya tuna tarbiyyar gidansu. Mahaifiyarsa ba ta taɓa mayar da kwanon maƙwabta haka nan ba, sai ta wanke shi tas ta sa wani abu a ciki, ko da ƙuli-ƙuli ne. Shi ma ba zai mayar wa malaminsa jita hannu biyu kawai ba. Zai mayar da ita da tukuici.

Ya faɗa wa matarsa Rahama. Tana tsinke zogale, ta ɗago.

"Ka tambaye shi?"

"In na tambaya ai ba zai yi mamaki ba."

"Abban Sumayya, kwano daban, wannan daban. Kira shi mana, ga waya a hannunka."

"Ke dai ba ki san kayan kiɗa ba."

"Ban sani ba. Na dai san ba naka ba ne."

Washegari ya kai ta wurin Sagiru, mai yi wa Keke Napep da firji feshin fenti a bakin titi. Sagiru ya juya ta, ya ce aiki ne mai sauƙi. Ya kwance ta, ya sa samfefa ya goge launin zuman har itace ya yi fari, ya cike lotsawar kafaɗar da abin da suke cike lotsawar mota, ya fesa mata ja mai ƙyalli. Hussaini ya ga fuskarsa a jikinta, daɗi ya kama shi. Da ma jitar tana ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa idan an jona ta, sai ya ce a gama aiki gaba ɗaya. Ya wuce wurin wani mai gyaran rediyo, aka ciro tsofaffin maganaɗisun nan uku da suka yi tsatsa, aka sa sababbi fil daga kwali. Tsofaffin aka jefa su cikin bokitin tarkace. Bai ko jona ta ya saurara ba, don yana sauri.

Washegari ya isa gidan Malam Dabo yana murmushi tun daga ƙofa. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar Malam da ke ciwo, sannan ya ajiye akwatin ya buɗe da kansa.

Malam Dabo ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Wannan ta wa ce?"

"Taka ce, Malam! Na ɗan gyara ta ne."

Malam ya miƙa hannu. Ya ɗauke ta, ya jona, ya jira amfilifaya ta yi ɗumi, ya taɓa tsirkiya. Wani siririn sauti ya fito, mai tsini, kamar an buga cokali a faranti, nan take ya mutu. Ya sake taɓawa. Haka dai. A maƙwabta keken tela bai fasa tafiya ba.

A nan ne murmushin Hussaini ya tafi.

"Malam, wallahi niyyata..."

"Kada ka kawo mani niyya. Na tambaye ka niyya? Mi na ce maka ranar da ka ɗauke ta?"

"Ka ce yadda ta tafi haka za ta dawo."

"Ka ji ke nan. Ba kurma ba ne kai. Ina ƙarafan da ka cire?"

"Suna wurin mai gyara. Zan sayo maka wata jitar, Malam, wadda ta fi..."

"Hussaini!" Rabon Hussaini da jin wannan muryar tun yana aji. "Ban ce ka sayo mani komi ba. Abin da ka cire shi za ka maido. Tashi."

Ya tashi da gudu. Mai gyaran rediyo ya ce ai masu jari-bola sun kwashe bokitin tun jiya. Ya bi kwatance har filin 'yan gwangwan da ke bayan gari, inda ƙarafa suka yi tudu kamar duwatsu. Ya yi bayani, ya kwatanta da yatsu. Wani dattijo mai baƙaƙen hannuwa ya kai shi wurin da ake ƙona wayoyi don a fitar da jan ƙarfe, ya nuna masa wani dunƙule mai girman tulu, wayoyin fanka da na injin niƙa da na rediyo duk sun cakuɗe, suna hayaƙi.

"In sun zo jiya, suna cikin nan. Duba, in ka gane naka ka ɗauka."

Hussaini ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Muryar da ta tsayar da mai fura a bakin ƙofa tana cikin wannan dunƙule, kuma duk duniya ba mai iya warware ta. Ya koma wurin Sagiru ya ce ko za a iya cire jan fentin. Sagiru ya ce a cire ja ana iyawa, amma na ƙarƙashinsa ai ya bi iska, ya nuna masa ƙurar da ke gindin bango.

Ya dawo wa Malam Dabo hannu wofi. Ya roƙe shi ya je ya ba Malam Yari haƙuri a madadinsa, don shi kam ba zai iya haɗa fuska da tsohon ba.

"A'a," in ji Malam Dabo. "Hannun da ya yi, shi zai ɗauka. Bakin da bai tambaya ba, shi zai faɗa. Ni rakiya kawai zan yi maka."

Ranar Juma'a bayan la'asar suka sami Malam Yari a kan tabarma a tsakar gidansa, ya sa farar riga, amfilifayarsa na gefe, an riga an jona.

"Dabo, kai ne? Ina wuni, ina gajiya? Ya ƙafar? Wa ke tare da kai, na ji takun mutum biyu."

"Hussaini ne."

"A'a, ɗan Kambarawa! An ce ka kai tsohuwa situdiyo ta kunyata yara. Miƙo ta nan, na yi kewarta."

Hussaini ya durƙusa ya sa masa ita a cinya. Tsohon ya rungume ta, damtsensa ya sauka inda ya saba sauka, sai ya zame. Ya gyara, ya sake zamewa. Ya sa tafin hannu yana shafa kafaɗar, yana nema, sama da ƙasa. Ya kai hanci ya shinshina.

"Dabo, kun yi kuskure. Wagga ba tawa ba ce."

Malam Dabo ya dubi Hussaini. Dole Hussaini ya buɗe baki. Ya faɗi komai, da samfefa, da fenti, da bokiti, da filin gwangwan. Bai ambaci niyya ba.

Malam Yari ya saurara har ƙarshe. Ya laluba ya jona waya, ya taɓa tsirkiya guda, ya karkata kai yana jiran abin da bai zo ba.

"Ka ji ta kafin ka gyara ta?"

"Na ji, Baba."

"Ta yi maka?"

"Ban taɓa jin abu kamarta ba."

"To mi ka gyara?"

Hussaini ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo masa. Tsohon ya zare wayar, ya ɗaga jitar da hannu biyu ya miƙa ta wajen da yake jin numfashinsa.

"Karɓi. Na yafe maka, don ina son Allah Ya yafe mani. Amma tahi da ita, taka ce, kai ka yi ta. Dabo, ka riƙa zuwa muna hira. Ba sai ka ɗauko komi ba."

Tun daga ranar Malam Yari bai sake taɓa jita ba. Malam Dabo ya sa sauran biyun a ɗaki ya rufe, abokai da yawa da ba su yi laifin komai ba suka zo aro aka ce musu an daina. Jar jitar tana rataye a falon Hussaini. Baƙi suna shigowa su yaba ƙyallinta, su ce ya ɗan kaɗa musu, shi kuma sai ya sauya magana.

Darasin a fili yake. Abin aro ba naka ba ne, ba ka da ikon lalata shi, kuma ba ka da ikon gyara shi sai da izinin mai shi, domin abin da kake gani tsufa ko datti wataƙila shi ne dukan darajar abin. Tambaya guda da ta hana wannan ɓarna. Masu cewa "niyyarsa mai kyau ce" su ma su ji: da ruwansu a ciki, don da an tsawata masa tun a kan sirdin keke, da makaho bai rasa abin da yake jira duk mako ba. Wanda kuma ya riga ya ɓata, kada ya aika wakili, kada ya fake da musanya. Ya nemi abin da ya cire iyakar ƙarfinsa, in bai samu ba ya je da ƙafarsa, ya durƙusa gaban mai haƙƙi, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ke kansa, kuma ya sani ko an yafe masa, yafiya ba ta dawo da abin da ya tafi.