Sunayen Masu Ajiyar Hajiya Tabawa

Ku gyara zama, yau da gardama na zo muku.

A Saminaka akwai wata dattijuwa, Hajiya Tabawa, mai sito inda manoma ke kai masara da waken suya ajiya bayan kaka, su ɗiba idan shuka ta gabato. Sunan kowa da buhunansa suna cikin wata tsohuwar kwamfuta da marigayi mijinta ya bari, mai gurnani kamar injin markaɗe. 'Ya'yanta uku sun daɗe suna roƙo a kwashe bayanan a zuba a sabuwar manhajar lissafi, ita kuwa kullum sai ta ce a bari sai bayan Sallah. Ranar da ta yarda, ranar kwamfutar ta yi ɗif, ga manoma sun fara sallama a ƙofa. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don in ta ba wani hatsin wani, sunan da ta yi na riƙon amana ya zube ke nan.

Babban ɗanta Lawandi mai gyaran waya ne. Duk wanda ya duba kwamfutar cewa yake a sayar wa 'yan gwangwan. Lawandi ya rufe shagonsa, ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyar bayanan, ya tafi Kano yana bin rumfunan tsofaffin kaya, har ya samo na'urar da ta iya karanta ta.

Bayanai suka fito, sabuwar manhaja ta ƙi karɓa. Tsohuwar da buhu da tiya take awo, wannan kuwa kilo kaɗai ta sani, kuma nauyin buhun masara daban, na wake daban. Barira ƙanwar Lawandi, wadda ta karanci aikin akanta, ta zauna da goyo a baya tana juya awon layi bayan layi, har komai ya shige.

Ana cikin hamdala, sai autansu Nazifi, direban sito, ya leƙa lissafin ya ce wa Barira, "Yaya, wane Musa Ibrahim ne ya noma rabin sito shi kaɗai?"

Ashe manhajar ta ga suna ɗaya ya yi ta maimaituwa, ta ɗauka kuskure ne, ta dunƙule Musa Ibrahim na ƙauyuka daban-daban ta mai da su mutum guda. Haka ta yi wa su Sani Garba. Nazifi ya hau babur cikin zafin bazara, ya bi su ƙauye-ƙauye, kowa ya faɗi abin da ya kawo a gaban mai unguwarsa, aka raba su.

Manoma suka kwashi hatsinsu, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Hajiya ta tara 'ya'yan tana share hawaye.

"Kun rufa mini asiri, Allah ya yi muku albarka. Ni kam ido ya yi rauni, ku karɓi sito ku uku."

Barira ta ce, "Inna, aiki kam za mu yi tare. Amma lambar sirrin da ke canza suna ko buhu, mutum ɗaya manhajar ke ba wa."

Hajiya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ba don Lawandi ba, da babu abin da za a kwashe. Ba don Barira ba, da bai shiga ba. Ba don Nazifi ba, da an ba mutum ɗaya gumin mutane da yawa.

To jama'a, da ku ne Hajiya Tabawa, a hannun wa za ku damƙa amanar manoman nan?