Takardar da Ta Kashe Gado

A garin Karofane, shekarar da aka fara yaƙin Jamus, akwai wani saurayi ana ce da shi Alƙasim ɗan Gado. Ba mugun yaro ba ne, kada wani ya ɗauke shi haka. Ba ya sata, ba ya raina manya, in an aike shi da gudu yake dawowa. Aibinsa guda ɗaya ne: bai yarda da abin da ya fito daga kansa ba. Komai kyan nasa, na wani ya fi. A lakwal ɗin Madawa, wato makarantar boko, inda ya yi shekara shida har ya sami satifika, babu wanda ya kai shi kyan rubutu, amma fa sai in juyawa ce daga allo. In mushe, wato malaminsu, ya ce kowa ya rubuta nasa, sai Alƙasim ya tsaya yana tauna gindin alƙalami yana leƙen takardar maƙwabci.

Ubansa Gado mai maganin dabbobi ne. Tun daga Buza har Keita, Fulani da Buzaye sun san ƙofar gidansa. Alƙasim a gindinsa ya tashi, shi ke riƙe igiya in za a yi wa sa lalas. Ya iya kayar da bijimi shi kaɗai, ya san saniyar da ciwon bushiya ya kama tun daga ruwan idonta, kuma yana jin Fillanci daidai gwargwado. Sai dai duk wannan bai ɗauke shi ilimi ba. A ganinsa ilimi shi ne abin da ya zo cikin littafi.

To, a wannan shekara abubuwa sun haɗe wa gidan. Idanun Gado sun fara yana, sai ya lalubi bango yake fita. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata suna gidajen aure a nesa, Alƙasim ne kaɗai ya rage masa. Ga shi maigari ya riga ya gaya musu cewa sunan yaron yana cikin waɗanda za a ɗauka soja bayan kaka. Kowa kuwa ya san ba a cika taɓa mai aikin bariki ba. Saboda haka ranar da aka yi shela cewa likitan dabbobi na Madawa, wani Anasara, yana neman saurayi guda da zai koyi yi wa shanu allura, Alƙasim ya ji kamar an buɗe masa ƙofa. In ya samu, ba soja, kuma yana kusa da tsohonsa. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya rubuta dimandi, wato takardar neman aiki, da Faransanci, da hannunsa.

Ya zauna ya rubuta. Layi shida ne. Ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce ya gama lakwal, ya ce tun yana ƙarami yake taya ubansa jinyar shanu, yana jin Fillanci, yana son aikin. Ya karanta sau uku, kowane karo sai ya ga ta ƙara ƙanƙancewa. Ranar kasuwar Madawa ya naɗe ta ya tafi wurin Isaka.

Isaka ɗan garinsu ne, ya girme shi da shekara goma, ɗan aike ne a gidan waya. Mutum ne mai son taimako, kuma mai son a san ya taimaka. Ya karɓi takardar, ya miƙe hannu da ita nesa kamar yadda ya ga manya suna yi, sai ya fashe da dariya.

"Ƙanena, wagga ta dimandi? Ai wagga wasiƙar gaida gwaggo ta! Shanu, shanu, Hillanci. Kai kana so Anasara shi ji warin garke ga takarda?"

Ya shiga ɗakinsa ya fito da wata takarda a cikin kube na fata, ta yi ja don tsufa. Shafi biyu ce cur, cike da manyan kalmomi. Wani tsohon akawu ne ya rubuta masa ita shekara takwas da suka wuce.

"Da ita nis samu aikin ga. Kwana ukku anka kira ni. Juya ta, ka sa sunanka, ka sa na biro, wato ofishin likita. Sauran kak ka taɓa komi."

Alƙasim ya bi ta da ido, ransa ya yi fari, har ya zo wani layi ya tsaya.

"Yaya Isaka, nan an ce ni marayan uwa da uba na, ban da kowa duniya."

"To, mi?"

"Kai kam gaskiya ta, iyayenka sun rasu. Ni Baba na nan da rai nai."

"Kai, yaro! Ka taɓa ganin malam ya juya laya yab bar wasali guda? In kat taɓa harahi, aiki ya ɓaci. Wanga layi shi na ƙarhin takardar. Nan Anasara ka jin tausai."

Alƙasim ya san ƙarya ce, kada mu ɓoye masa wannan. Ya ɗauki alƙalami ya ajiye ya fi sau biyar. Sai ya fara lallashin kansa. Ai uwar ta rasu, ke nan rabin maganar gaskiya ce. Ai don tsohon ma yake yi. Ai Anasara bai san Gado ba, Gado kuma bai san Faransanci ba. Ya tsoma alƙalami a tawada ya juye shafi biyun nan da rubutu mai kyan gaske, ko ɗigo bai bari ba. Har inda aka ce yana da saurin ƙafa wajen kai wasiƙu, duk ya juye. Tasa mai layi shida kuwa ya yayyage ta a bayan gidan waya.

Abin da bai lissafa ba shi ne Mushe Surajo, babban mataimakin likita, wanda duk takardun biro sai sun bi ta hannunsa. Kowace shekara in ya zo allurar shanu Karofane, a zauren Gado yake sauka, Gado ne ke lallasar masa makiyaya su kawo garke. A lokacin yana rangadi wajen Keita, wata biyu ba ya gari.

Kwana goma sha biyu Alƙasim yana zuba ido. Ran na sha uku da hantsi, yana zaune ƙofar gida yana tufka igiya, maƙwabta suna hira a inuwa, sai ga Mushe Surajo bisa doki. Alƙasim ya cika da murna. Ya ce a ransa, lalle layar Isaka ta ci, tunda har babban mutum ya taso da kansa.

Surajo ya sauka, bai yi murmushi ba. Ya cire takalma, ya zo ya durƙusa a gaban yaron.

"Alƙasim, ina haƙuri? Wallahi ban ji ba, jiya nid dawo nig gani ga takardarka. Allah shi jiƙan Baba Gado. Allah shi gahwarta mai, shi sa ya huta."

Zaliha maƙwabciyarsu, wadda ta kai wa Gado kunu da safen nan, tana wucewa da tulu. Ta ɗauka yanzu ne abin ya faru. Ta saki tulun ya tarwatse, ta ɗora hannu a ka ta rusa ihu. Maza suka miƙe suna salati.

Cikin wannan hayaniya sai ga Gado ya fito daga zaure yana laluben bango.

"Subahanallahi! Jama'a, wa yam mutu?"

Surajo ya ja da baya har ya kusa faɗuwa kan dokinsa. Wani yana neman ya yi dariya, ya dubi fuskar Alƙasim ya haɗiye ta. Tsohon ya sake tambaya. Surajo ya dubi yaron, ya dubi uban, ya gane komai. Ya kama hannun Gado suka shiga zaure su uku, ya zaro takardar daga aljihu.

Da Gado ya ji inda maganar ta dosa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, ba shi. Shi yar rubuta, shi za shi hwassara min."

Alƙasim ya karanta, yana mayarwa da Hausa. Ya wuce kirarin da aka yi wa Anasara, ya wuce saurin ƙafa. Da ya zo layin nan ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Gado.

"An ce... na ce ni maraya na. Ban da uwa, ban da uba. Ban da kowa duniya."

Gado ya daɗe yana murza gemunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na duka.

"Shekara shidda ina noma ni ɗai, don ka zamna lakwal. Ashe ginar kabari anka koya ma."

Alƙasim ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Surajo ya bari ya lafa, sannan ya yi magana, ba da faɗa ba.

"Takardar ga mun san ta. Kai na na ukku da yak kawo ta bana, dut marayu, dut masu saurin ƙahwa. Ni dai ban zaci ɗan Gado ka juya ƙarya ba, shi yas sa niy yarda. Mu ba mai gudu muka biɗa ba. Mutum muka biɗa wanda shanu ba su ba tsoro, wanda Bahillace ka saurare in ya yi magana. Da layi guda kar rubuta, ka ce kai ɗan Gado na, kai ka riƙe mai igiya, da yau da aikinka niz zaka."

Alƙasim ya tuna layi shidan da ya yayyage, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"To, likitan ya gani?" in ji Gado.

"Ya gani, Baba. Ni da bakina nig gaya mai wane na Gado da irin taimakon da kay yi muna. Hal ya ce in gaishe da iyali da haƙuri. Yanzu in na koma, mi zan ce mai?"

Tsohon ya matso ya lalubo hannun Surajo ya riƙe da hannu biyu.

"Ka ce mai ka ishe kabari. In mutuwata ka ba yaron ga aiki, to, na mutu. Ni dama ba gani nika yi ba. In kun zaka allura, sai in shige ɗaki in zamna hal ku tahi. Kak ku bari a kai min shi yaƙi."

Wannan maganar ce ta karya Alƙasim, ita ce kuma ta tashe shi. Ya ɗago kai ya share fuska.

"A'a, Baba. Na kashe ka ga takarda, ba ni rufe ka cikin ɗaki kuma. Mushe, gaya mai gaskiya."

Surajo ya gyaɗa kai. Dama ba zai yarda ba, don aikin nasu aikin shaida ne: mutum ya shiga daji shi kaɗai, ya rubuto cewa garke kaza lafiya, garke kaza ba lafiya, a yarda da shi ba tare da an gani ba. Amma ya ji daɗi da maganar ta fito daga bakin yaron. Ya ba shi farar takarda ya ce ya rubuta gaskiya, zai kai. Alƙasim ya rubuta a nan take bisa gwiwarsa, bai tauna alƙalami ba. Ya faɗi abin da ya iya, ya kuma faɗi ƙaryar da ya yi.

Bayan mako guda amsa ta zo ta bakin Surajo. Likita ya ce takarda ta biyu ita ce irin wadda yake nema tun farko. Amma takardu biyu ke gabansa da hannun mutum ɗaya, suna ƙaryata juna, shi kuwa ba zai aika irin wannan hannu daji ba. An ba wani yaro ɗan Bangi aikin, wanda rubutunsa ko rabin na Alƙasim bai kai kyau ba. Ya rubuta ne kawai cewa shi ɗan makiyayi ne.

Da aka gama yankan gero, gardi, wato dogaran Anasara, suka zo da sunaye. Alƙasim ya damƙa ubansa a hannun Zaliha da mijinta, ya ɗaure 'yan kayansa. Gado ya ce sai ya raka shi. Suka tafi sannu a hankali, hannun tsohon a kafaɗar ɗansa, har bakin gari inda sauran samari ke jira. Alƙasim ya durƙusa ya nemi gafara.

"Na yahe ma tun ran nan," in ji Gado. Ya shafa kansa, ya shafa fuskarsa da yatsu, tunda ido ba ya nuna masa ita sosai. "Abu guda nika roƙo. Can inda za a kai ku, za su buɗe littahi su tambaye ka wa gare ka gida. Ka ce musu kana da uba. Ka ce shina Karofane, shina jiranka."

Aka busa usur, samari suka kama hanyar Madawa. Tsohon ya tsaya a wurin yana fuskantar inda yake jin takunsu, har ya daina ji.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, musamman ga matasa masu neman aiki ko gurbin karatu. Takardar neman aiki ba laya ba ce da za a juya daga hannun wani. Wanda zai karanta ta, kai yake son ya sani: wane ne kai, me ka iya, me ya sa ka dace da wannan aiki ba wani ba. Kada ka raina abin da ka koya a gidanku don kawai bai zo cikin littafi ba, sau da yawa shi ne ake nema. Ka nemi shawara, amma ka riƙe alƙalaminka da kanka. Fiye da komai, kada ka sa hannu a kan ƙarya komai ƙanƙantarta, ko da kana ganin don alheri kake yi. Layi shida na gaskiya da sun ishi Alƙasim ya zauna kusa da ubansa. Layi ɗaya na ƙarya ya raba su.