Dattijon da Ya Tura Gambar Lantana

An yi wani mutum a wani ƙauye gabas da Agiye, dattijon ikilisiya ne, shi ke mana karatu ran Lahadi. Ba zan faɗi sunansa ba. Matarsa dai ƙawata ce, daga bakinta na ji rabin zancen.

Gonarsa ta yi iyaka da ta Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da wannan 'yar gona kaɗai. Layin gamba ne ya raba su. Kowace bazara sai dattijon ya ɗauko wani baƙo mai ƙwadago, Buba, ya ce masa, “Tuge gambar nan, ka dasa ta can.” Buba bai san iyakar kowa ba. Haka iyakar ke matsawa cikin gonar Lantana, taki biyu bana, taki uku baɗi. Geron Lantana ya daina kai su kaka.

Matar dattijon ta ce, “Maigida, ba ka tsoron Allah?” Kun san abin da ya ce? Wai, “Ai na riga na taɓa. Mai satar taki ɗaya da mai satar gona sukutum, wuta ɗaya ce.” Daga bakin mai karanta mana Maganar Allah! Da na ji, sai da na zauna ƙasa.

Shekara ta uku ruwa ya sauka sosai. Ashe Buba sama-sama yake tugewa, saiwa na nan. Gamba ta tsiro layi uku, kore shar, tsakiyar geron dattijo. Mai wucewa kasuwa ma sai ya tsaya ya ƙirga.

Maigari ya zo da mutane. Buba faɗa kawai aka yi masa. Dattijon kuwa aka karɓe wurin har da geron da ya shuka, aka sauke shi daga dattijantaka gaban kowa. Bai ƙara ɗaga ido cikin garin ba. Kafin a yi girbi ya bar gidansa, har yau ba a san inda ya nufa ba.

Ya 'yan'uwa mata, in maigari ya iya bambanta Buba da dattijon, Allah ne zai kasa? Yesu ya koya mana bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi, dukansa ya fi na wanda bai sani ba. Hukuncin lahira ba mudu ɗaya ba ne. Mu da muke jin wa'azi kowane mako, ina za mu ce ba mu sani ba?

Allah ya kiyaye mu da yin zunubi ido buɗe, cikin sunan Yesu. Amin.