Naɗi Uku a Cikin Taransifoma Ɗaya

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

An yi wani dattijo, Injiniya Gambo, da aka damƙa wa ginin babbar tashar wutar sola a bayan gari. Idonsa ya fara dishi-dishi, zane ya daina karantuwa gare shi. Da aka zo zaɓen yadda za a naɗa wayoyin cikin taransifoma, sai ya kira injiniyoyi uku da ya horar ya ce, "'Ya'yana, ku ara mini idanunku."

Zinatu ta ce gefen da ke kai wuta gari a yi masa naɗin tauraro, a haɗa tsakiyarsa da ƙasa, domin in waya ta faɗi wuta ta yanke nan take.

Sagir ya ce gefen inbata, injin da ke juya wutar rana ta zama ta gida, a yi masa naɗi mai kusurwa uku, ya tare duk masifar da ta taso daga layin wuta kada ta ƙetara ta lalata inbata.

Tanimu kuwa ya dage sai an ba kowace ɗaya daga inbatocin biyu naɗinta daban, duk da aikin zai ƙaru. Gambo ya saurara, ya karɓi shawarar kowa.

Da damina ta zo, wata safiya iska ta tsinke waya a bakin tashar. Gambo ya fito dubawa da sandarsa, bai gan ta ba, ya taka. Ashe naɗin Zinatu ya riga ya sa wutar ta yanke. Amma da ya gane abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, zuciyarsa ta buga, ya faɗi. Aka kai shi asibitin garin, inda injin taimakon numfashi ke jiran wuta.

Rana ta fito, aka ɗaura waya. Inbatocin suna nan lafiya, naɗin Sagir ya kare su. Ɗaya dai ruwa ya shige ta, amma da yake Tanimu ya raba su, aka cire ta, 'yar'uwarta ta ci gaba da aiki. Wuta ta isa asibiti.

Da Gambo ya farfaɗo, ya ji su ukun a bakin gado. Ya lalubi hannuwansu ya riƙe, hawaye na bin gemunsa. Ya san ba zai koma aiki ba, kuma mutum ɗaya tak aka ce ya zaɓa ya gaje shi.

To jama'a, hannun wa ya kamata ya ɗaga?