Haƙoran Sankira Ɗan'azumi

Ku gyara zama, yau ni ke da labari, ku kuma alƙalanci.

A Tsamiyar Baƙo akwai wani sankira ana ce masa Ɗan'azumi. Tun yana saurayi shi ke yi wa dagaci shela, in ya buɗe murya a bakin kasuwa har masu noma a fadama suna ji. Ran nan cikin damina ɗan acaɓa ya zubar da shi a kan kwalbati, ya tashi lafiya lau, sai dai haƙoransa na gaba, sama da ƙasa, sun zube a taɓo.

Da ya warke, dagaci ya sa shi shelar cewa gobe akwai shara a kasuwa, kowa ya fito. Ɗan'azumi ya cika ƙirji ya ce, "Farki na gaifuwa! Gobe akwai fara a kafuwa!" Gari na wayewa mata suka fito da buhuna da kwanuka, wasu har sun riga sun daka yajin da za su soya farar da shi. Dagaci ya kira shi ya ce, "Ɗan'azumi, ka daɗe kana mana hidima, amma in bakin nan bai gyaru kafin kaka ba, dole mu nemi wani."

Ya koma gida ya kasa cin tuwo. An ce likita a Kano yana dasa haƙoran roba, amma ko akuyoyinsa duka ya sayar ba su isa ba. Sai ya sa maƙwabci ya kira masa 'ya'yansa uku da ke ƙasashen waje.

Babbansu Mamuda yana leburanci a Libiya. Abin da ya tara na aurensa yana ɗinke cikin matashin kansa. Da ya ji labari ya farke matashin, ya ce aure ya jira. Amma ba shi da takardun zama, ba ya kusantar banki, ɗan-uwa kuma da zai riƙo masa ta hamada babu. Kuɗi ga su a hannu, hanya ce babu.

Lantana, mai bi masa, aikatau take yi a Jidda. Albashinta ya ƙare a makarantar 'ya'yanta, amma ƙafarta ta san gari. Ta yi ta sintiri ranakun hutunta har ta samo wani ɗan canji mai abokin ciniki a Libiya da ƙane a Kano, ana ce wa ƙanen Alhaji Nasidi. Mamuda zai ba da a can, uban ya karɓa a Kano, ba takarda ba sa hannu, sai kalmar sirri da mai karɓa zai faɗa. Ta tsaya wa yayanta, ta ajiye 'yan kunnenta na zinariya a matsayin jingina. Da aka buga mata waya ta zaɓi kalma, shara take yi, sai ta ce, "Tsintsiya." Ta kira uban ta faɗa masa kalmar.

Ɗan'azumi ya sa babbar riga ya hau mota. A shagon Alhaji Nasidi ya sunkuya ya raɗa masa, "Fimfiya."

"Me ka ce, Baba?"

"Fimfiya!"

"Ba ita ba ce."

"Ita fe! Fimfiya!"

Muryar sankira ba ta san raɗa ba, nan da nan layin ya cika da 'yan kallo. Alhaji Nasidi ya ce amana aka ba shi, ba zai miƙa dukiyar mutane ga mai kusan dacewa ba, in yamma ta yi zai mayar wa masu ita. Tsoho ya kira Mamuda yana bayani, Mamuda ya ce layi ba kyau. Ya kira Lantana, ta ji hargagi ta ɗauka an yi mutuwa, ta fashe da kuka.

Saura auta, Ilu, wanda ke wankin mota a Kumasi. Bai taɓa aiko wa gida ko sabulu ba, in ya kira ma sai dai ya yi filashin. Amma a ɗakin kakarsu ya tashi, wadda ta rasu ba haƙori ko ɗaya a bakinta, saboda haka zancen uban nan tsaf yake jin sa. Da tsoho ya kira shi, ya saurara har ƙarshe, ya ce a ba Alhaji waya.

"Alhaji, an ce muku lalle sai da baki zai faɗa?"

"An ce dai ta fito daga wurinsa."

"To in ya kawo muku abin da kansa fa?"

Alhaji Nasidi ya ce in ya kawo daidai ya yarda. Ilu ya ce, "Baba, shiga kasuwa ka sayo ta." Ɗan'azumi ya tattare babbar riga ya kutsa cikin kasuwa, ya dawo yana haki, ya ɗora sabuwar tsintsiya a kan teburin canji. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya buɗe durowa.

Aka dasa haƙora, farare tas, har sun fi na da kyau. Ranar kasuwa Ɗan'azumi ya yi shela, kowace kalma ta fita garau, tsofaffi na ta hamdala. Dagaci ya ji daɗi, ya nuna wani fili a bakin titi wanda ba zai ci fiye da shago ɗaya ba, ya ce, "Ka ba ɗan da ya dawo mana da bakinka."

Tun daga ranar waya ba ta huta ba. Mamuda ya ce guminsa ne a bakin Baba, ga shi har yau gwauro. Lantana ta ce ba don ita ba da kuɗin na nan cikin matashi. Ilu ya yi filashin, da aka kira shi ya ce ba don shi ba da an mayar da su Libiya. Ɗan'azumi da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya zauna a zaure da haƙoransa ya yi tagumi.

To, jama'a, Mamuda, Lantana ko Ilu, wa za a ba filin nan?