Injin Tsere, Tafiyar Hawainiya

Akwai wata mata a Kaura Namoda, jama'a, ana ce mata Hajiya Barakatu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa, irin matan nan da in ka taya kayansu da raini sai su rufe kwano su kau da kai.

Mijinta Dalhatu ya rasu ya bar mata ɗa guda, Hafizu, da wani tsohon babur a zaure, irin na da mai hayaƙi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. A zamaninsa ba a shiga gaban Dalhatu a tsere. Daga Kaura har Zurmi an san ƙarar baburin nan. Yanzu kuwa samari masu sababbin babura "kakan gwangwani" suke ce masa.

Duk shekara bayan girbi samari kan yi tsere a wani fili bayan gari. Bana Hafizu ya ce da baburin babansa zai shiga, ko duniya za ta mutu da dariya.

Suka kai baburin Shinkafi wurin Armiya'u, tsohon bakanike, abokin marigayi. Hajiya da kanta ta bi, don ba ta yarda a yi ciniki ba ta wurin.

Armiya'u ya huda bulon injin ya faɗaɗa raminsa, ya sa fistin mafi girma. Ya kankare kan injin, ya buɗe kafireta ta riƙa shan mai sosai, ya rage tsawon salansa, wato bututun hayaƙi. Da aka tada shi, kajin unguwar gaba ɗaya suka watse.

Sai ya kashe, ya juyo wurin Hajiya.

"Ke zan gaya ma, don yaro ba ya ji. Wagga huda ita ce ta ƙarshe, bangon bulo ya yi siriri. Sai an lallaɓa shi a hankali har ringin fistin ya zauna, daga yanzu har a gama yankan gero. In ya murɗe totur kafin nan, injin zai buga, kuma kayan irin shi sun ƙare a kasuwa. Sai dai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi."

Hajiya ta dubi ɗanta. Bakanike bai rufe baki ba, hannun Hafizu na kan totur yana shafawa. Ta san jinin wa ke jikinsa.

"To," in ji ta, "daga yau duk inda baburin ga za shi, da ni za shi."

"Haba Inna! Na tsere ne fa!"

"Na tsere ne? To ni ce kayan shi. Matsa in hau."

Haka aka yi. Makulli ya koma bakin zanenta. Duk ranar kasuwa da hanya ke da lafiya, sai ka ga Hafizu a gaba, buhun ƙuli a kan tanki, Hajiya a baya rungume da galan ɗin mai. Injin na gurnani kamar zaki, tafiya kuwa ta hawainiya. Har mai keke ya taɓa wuce su ya ce musu sannu.

Cikin masu dariya babu kamar Faruk, wani ɗan tsere da ya ci gasar bara. Shi ma a makon nan Armiya'u ya huda masa injin, ya kuma yi masa gargaɗi iri ɗaya. Faruk ya ce tsoron tsofaffi ne. Daga bakin gareji ya fita da tayar gaba a sama, yara na ihu.

Wata rana a hanyar Dauran, Faruk da abokansa suka cim musu. Ya jera da su yana wasa da totur.

"Hajiya, ina wuni? Gawa kuka ɗauko ne, ko amarya?"

"Uwarka muka ɗauko, ɗana, ta ce a gaishe ka."

Abokansa suka fashe da dariya, Faruk ya ji zafi. Ya matso kusa da Hafizu.

"Dama an ce ubanka ma baki ne kawai, bai taɓa cin kowa ba. Ga hanya nan miƙe. In ƙarya ne, biyo ni!"

Ya fizga ya bar su da ƙura.

Hajiya ta ji bayan ɗanta ya sandare. Ta ji injin ya fara ɗaga murya. Ita ma maganar ta soke ta har ƙashi, don ita ta san ranakun da aka ɗauko Dalhatu a kafaɗa don murnar cin tsere. Da za ta bi ta zuciyarta, da cewa za ta yi a bi shi har Gurbin Bore.

Amma sai ta sa baki a kunnensa.

"Murɗa in ka isa. Ka dai tuna wa ke bayanka."

"Inna, kin ji abin da ya ce ma Baba!"

"Na ji, ba kurma nike ba. Baburin ubanka yake so ka kashe mishi da hannunka. Ni kau ban ba shi. Sassauta."

Hafizu ya sassauta. Hawaye na zuba, yana tafiya a hankali. Da suka isa kasuwa ana nuna su da baki, Hajiya ta sauko ta gyara gyale, ta baza kayanta, ba ta ƙara wa kowa ko ƙuli ɗaya ba.

Aka yanke gero. Armiya'u ya kasa kunne a jikin injin, ya ce ringi ya zauna. Ranar tsere Hajiya ta kwance makulli ta miƙa wa ɗanta.

"Yau babu ni a baya. Tahi."

Aka saki babura. Faruk ya yi gaba kamar kullum, kakan gwangwani na biye. A zagaye na ƙarshe Hafizu ya buɗe totur duka. Wata ƙara ta tashi wadda dattawan wurin suka gane, har wasu suka miƙe tsaye. Faruk ya matsa wa nasa don kada a wuce shi. Injin da aka wahalar tun yana ɗanye ya yi ƙara ƙwas, ya yi tsit. Ya buga.

Hafizu ya wuce shi, ya wuce kowa.

Hajiya ba ta yi guɗa ba. Tana tsaye a bakin fili sai ga Faruk yana turo mataccen baburinsa, gumi na ɗiga, wani ɗan gwangwan na biye da shi yana tayin baburin.

Ta matsa ta ba shi hanya.

"Sannu da tafiya a hankali, ɗana. Kowa sai ya yi ta. Wani da fari, wani daga ƙarshe."

Darasi: Ƙarfin da ba a yi masa haƙuri ba, mai shi yake karyawa. Wanda ya zage ka don ka yi gaggawa, abin hannunka yake so ka lalata, to kada ka ba shi. Ku tura wa matasanmu masu zafin hannu, da iyayen da ke riƙe musu makulli.