Mai Kiwon Aladu da Garin Tsami

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, yana noma, yana kuma kiwon aladu a bayan gidansa. Mutumin kirki ne, ba ya ƙyuyar aiki, sai dai ba shi da haƙurin jira. In ya shuka masara, kafin ta tsiro sai ya koma ya tona ramin ya duba ko irin yana nan.

Yana da wata tsohuwar aladiya da ta daɗe tana haihuwa a gidan. A haihuwarta ta baya, 'ya'yan sun yi kyau muddin suna shan nono. Amma da aka yaye su aka juya su ga dusa, sai zawo ya kama su, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Shi da kansa ya haƙa rami ya binne su a bayan shinge, abin kuwa bai bar zuciyarsa ba.

Da aladiyar ta sāke haihuwa, ta haifi tara, kowa ya gan ta kuma ya san da wuya ta ƙara. Lokacin yaye yana matsowa, mutumin nan ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗakin aladu ya fito, ya zauna cin tuwo ya tashi bai gama ba. Da matarsa ta gaji da ganin haka, ta ce masa ya je wurin likitan dabbobi a garin da ake cin kasuwa.

Ya tafi. Likitan ya saurare shi har ƙarshe, sa'an nan ya bayyana masa cewa cikin ɗan alade yana bukatar tsami domin ya narkar da abinci, ya kuma hana ƙwayoyin cuta yin yawa. Muddin yana shan nono, nonon yana taimakonsa. Da zarar an yaye shi, cikinsa bai riga ya iya yin tsamin da zai ishe shi ba, sai dusa ta zauna ba ta narke ba, cuta ta sami wurin kwana. Ya ba shi wani farin gari a leda, ya ce dangin tsamin nan ne da ke cikin lemun tsami. Ƙaramin cokali ɗaya, a shafe, cikin kowane mudun abinci, a gauraya sosai.

Ya ce masa, "Kada ka rage, kada ka ƙara. Aikinsa a ciki yake, ba za ka gan shi da wuri ba."

Mutumin ya koma gida, ya yaye 'yan aladun, ya yi yadda aka faɗa masa. Suka ci, suka ƙoshi, suka kwanta a kan juna. Zawo bai zo ba. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana tsakiyar noma sai ya jefar da fartanya ya dawo ya leƙa. Yakan ɗaga su ɗaya ɗaya ya ji nauyinsu, ya ajiye yana tsaki, wai ba su ƙaru ba tun da safe. Yakan ɗauki kara ya tona kashinsu yana dubawa.

Wata rana ya ga kashin ƙaramin cikinsu ya ɗan yi ruwa. Ya ce a ransa, in cokali ɗaya yana da amfani, ai biyu za su fi. Ran nan ya sa biyu, a cike. 'Yan aladun suka ci kaɗan suka bari. Da ya ga sun bar saura, ya ce lalle cutar ce ta fara shigarsu, sai ya ƙara. Kashegari ya ajiye cokalin ma, ya riƙa ɗiba da hannu.

Daga nan ɗakin aladu ya rasa kwanciyar hankali kamar mai shi. In ya zo da abinci, sukan sheƙo a guje su tsoma hanci a komin da ake zuba musu abinci, sai su ja da baya suna ihu. Suka riƙa ture komin, suna gwaguyar itacen shinge, suna tona ƙasa suna ci, suna shan ruwan da ya kwanta a kwata. Haƙarƙarinsu ya fara fitowa.

Matarsa ta tsaya a bakin shinge ta dube su, ta ce, "Baban Keziya, yaran nan yunwa suke ji."

Ya ce yunwar me, ga abinci a gabansu? Taurin kai ne kawai. Ta tambaye shi ko yana bin awon da aka ba shi, ya ce ya san abin da yake yi, ta koma kan aikinta.

Ƙaramin nan, da yake shi ya fi cin ƙasa da shan ruwan kwata, sai zawo na gaske ya kama shi. Da hantsi mutumin ya same shi a kwance a kusurwa, ya sandare. Bai ko tsaya binne shi ba, ya hau keke ya nufi wurin likita, yana zuwa ya ce maganin ba ya aiki.

Likitan ya biyo shi har gida. Ya dubi takwas da suka rage, ya dubi komin da ke cike, ya ɗaga ledar garin ya ga saura kaɗan a gindi. Bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya ɗebo abincin da yatsu, ya miƙa wa mutumin.

"Ɗanɗana."

Mutumin ya ja baya, ya ce abincin aladu ne fa. Likitan bai janye hannunsa ba. Sai ya karɓa ya sa a harshe. Nan take haƙoransa suka mutu, bakinsa ya cika da yau, idonsa ya kawo ruwa. Ya tofar, ya tsaya yana kallon komin.

Da ƙyar ya ce, "Don kada su mutu na yi."

Likitan ya ce, "Na sani. Amma maganin ba ya aiki a cikin komi. Sai sun haɗiye."

Aka zubar da abincin, aka wanke komin, aka haɗa sabo da cokali ɗaya a shafe. Amma 'yan aladun suka ƙi zuwa. Suka taru a kusurwa suna kallon mai gidansu, gama sun riga sun koyi cewa abin da ke fitowa daga hannunsa yana ƙona baki. Ya so ya kamo su ya tura kansu a ciki, matarsa ta riƙe masa riga, ta zaunar da shi a kan turmi nesa da shingen. Ya yunƙura zai tashi, ta sāke riƙe shi. An daɗe kafin ɗaya ya matso ya sansana, ya lasa, ya ci. Sauran suka bi shi.

Takwas ɗin sun rayu, sun kuma yi girma. Amma ɗaya a cikinsu bai taɓa kamo 'yan'uwansa ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. 'Yan aladun da aka yaye su ne waɗanda Allah ya sa a hannunmu suna tsakiyar girma: 'ya'yanmu da suka fara barin gindin uwa, da sababbin masu bi da ba su daɗe da shigowa ikilisiya ba. Garin tsami shi ne tsawatarwa. Kada wani ya tashi daga nan ya ce an hana tsawatarwa. Yaron da ba a taɓa ce masa "bari" ba, mugunta takan sami wurin kwana a cikinsa, kamar yadda cuta take samu a cikin da ba tsami. Ubangiji kansa yana yi mana horo, don yana ƙaunarmu. Amma dubi yadda yake yi. Yakan gauraya shi cikin abinci mai yawa: alheri, da haƙuri, da gafara, da biyan bukatar kowace rana.

Mu kuwa sau da yawa kamar mutumin nan muke. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama hannunsa. Wani a cikinmu ɗansa na fari ya lalace, sai ya juya kan ƙanen da faɗa tun daga wanke fuska har zuwa kwanciya. Wata ta ga ɗan kuskure a wurin 'yarta, sai ta tuna da 'yar maƙwabta da ta bar gida, ta ƙara murya. Yaron ya yi shiru, mu ce taurin kai ne, mu ƙara. Ya daina zama cin abinci tare da mu, mu ƙara. A ikilisiya ma haka: matashi ya makara sau ɗaya, dattawa uku su tare shi a bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi ko lafiya. Sa'an nan mu yi mamaki in muka gan shi yana neman abin ci a kwata, wurin abokan da muke gudu. Yunwa ce ta kai shi can. Duk abin da muka faɗa masa gaskiya ne, amma gaskiyar tana nan a komi, bai haɗiye ba.

Girman mutum a ciki yake faruwa, Allah ne kuma yake yin sa. Ba ya sauri don mun ɗaga yaro mun auna shi sau goma a yini. Namu shi ne mu kawo abinci kullum, da ɗan tsami daidai awo, mu yi addu'a, mu ja da baya. In kuwa mun riga mun ƙona bakin wani, kada mu yi fushi don bai sheƙo da gudu ba ran da muka sauya hali. Zai tsaya nesa ya kalle mu tukuna. Sai mu zauna mu jira.

Yau in kun koma gida, kafin ka buɗe baki ga ɗanka, kafin ki kira 'yarki, ku tuna da maganar da kuka faɗa musu a makon nan. Ku sa ta a harshenku, kamar ku aka faɗa wa. In ku ba za ku iya haɗiye ta ba, kada ku ce yaro ne mai taurin kai.